Darasi na Bakwai: Zaɓen Rediyon Oba-oba Don Doguwar Tafiya a Mota

Motoci uku sun tashi tare za su gari ɗaya, ko kai amarya, ko ta'aziyya, ko cin kasuwa. Kafin a yi tafiyar awa guda, ta gaba ta wuce wata tirela ta yi nisa, ta tsakiya ta ratse shan mai, ta baya kuma tayarta ta yi faci a dajin da babu sabis. Duk wanda ya taɓa tafiya cikin ayari ya san sauran labarin. A yi ta kiran waya ba ta shiga, direban gaba ya faka a bakin hanya yana jira, bai ma san abin da yake jira ba. Irin wannan matsala ce rediyon oba-oba yake magancewa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake zaɓensa, domin kasuwa cike take da iri-iri, kuma mafi yawan masu saye suna duba abin da bai kamata su fara dubawa ba.

Bambancinsa da wayar salula

Idan ka kira mutum da wayar salula, muryarka ba ta tafiya kai tsaye zuwa wayarsa, ko da yana zaune kusa da kai. Sai ta hau turken kamfanin waya, ta bi ta na'urorinsu, sannan ta sauko masa. In babu turke a kusa, babu magana. Rediyon oba-oba ba ya bi ta hannun kowa. Daga eriyarka maganar take tashi, ta faɗa eriyar abokin tafiyarka. Ba ya cin kati, ba ya buƙatar lamba, kuma da ka danna maɓalli ɗaya duk motocin ayarin za su ji ka a lokaci guda. Wannan na ƙarshe shi ne babban amfaninsa a kan hanya. Direban gaba ya ce akwai rami bayan gada, ko shanu suna tsallaka titi, kowa ya ji nan take, ba sai an kira mutum uku ɗaya bayan ɗaya ba.

Amma yana da sharuɗɗa biyu da waya ba ta da su. Na farko, mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Muddin kana danne da maɓallin, ba ka jin kowa. Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin darasin nan, rediyo ba ya amfani sai in akwai wani a ɗaya ɓangaren mai irin naka, a kan zango ɗaya da layi ɗaya, kuma a cikin nisan da muryarka za ta kai. Saboda haka tambayar farko ba ita ce wane rediyo ya fi ƙarfi ba. Tambayar ita ce: da wa zan yi magana, kuma yaya nisan da zai kasance tsakaninmu?

Nisan da ake rubutawa a jikin kwali

Za ku ga ƙaramin rediyo, bai fi tafin hannu ba, an rubuta a kwalinsa cewa yana kai kilomita 30 ko 50. Ba za a ce ƙarya ce tsagwaronta ba, amma nisa ne da ake samu idan mutum ɗaya yana kan tsauni, ɗayan yana kan wani tsaunin, babu komai tsakaninsu sai iska. A kan titi, cikin mota, da wuya irin wannan rediyo ya wuce kilomita ɗaya zuwa biyu.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Saƙon ƙananan rediyoyin nan yana tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila: abin da ya tare shi ya rage masa ƙarfi ko ya datse shi. Gini yana tarewa, dutse yana tarewa, kurmi yana shanye shi, ita kanta ƙasa tana tarewa saboda duniya a lanƙwashe take. Masana suna da lissafi mai sauƙi na gano iyakar nisan. A nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsayin eriya a mita, sai a ninka wannan lambar sau huɗu. Abin da ya fito shi ne kimanin kilomitocin da eriyar ke hangowa. Eriyar da ke mita 1 daga ƙasa tana hango kilomita 4. Mai mita 4 tana hango 8. Mai mita 9 tana hango 12. Wadda ke kan dutse mai tsayin mita 100 tana hango 40. Mutum biyu a tsaye a fili, kowa da rediyo a bakinsa, wato kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kowannensu yana da kimanin kilomita 5, a haɗa ya zama 10. Wannan ita ce iyaka a filin da babu bishiya ko gida. Da an shiga mota kuma, ƙarfen jikinta ya kewaye rediyon ya tsare mafi yawan saƙon a ciki.

To ina batun ƙarfi, wato wat ɗin da mai shago ke ta nanatawa? Yana da amfani, sai dai bai kai yadda ake zato ba. Ko a sararin da babu abin da ke tarewa, sai an ninka ƙarfin rediyo sau huɗu kafin nisansa ya ninku sau biyu. A doron ƙasa abin ya fi haka muni. Wanda ya bar rediyo mai wat 5 ya ƙara kuɗi ya sayi mai wat 8 da wuya kunnensa ya ji bambanci, sai dai batirinsa ya riƙa saurin ƙarewa. Da ya sa wannan kuɗin a eriyar da za a ɗora a rufin mota, da ya ga canji tun a tafiyar farko. Ku riƙe wannan: tsayin eriya da fitar da ita waje sun fi yawan wat tasiri.

Yanayin hanya ma yana shiga lissafi. Titin Kano zuwa Maiduguri shimfiɗaɗɗe ne, rediyo zai yi nisa. A Hawan Kibo, kan hanyar Jos, motoci biyu na iya zama kusa da juna amma kwana ɗaya da dutse ɗaya su raba su, maganar ta yanke har sai an sake fitowa fili.

Ire-iren da za ku tarar

Mafi daɗewa a hannun direbobi shi ne wanda ake kira CB. A Amurka aka buɗe wa jama'a shi a 1958, a zangon megahaz 27, da layi 23, aka ƙara su zuwa 40 a 1977. Ya yi tashe sosai bayan matsalar man fetur ta 1973, lokacin da gwamnatin ƙasar ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa. Direbobin manyan motoci suka riƙa sanar da juna gidan man da ke da mai da kuma inda 'yan sanda suka laɓe. Har yau a can layi na 19 na direbobin hanya ne, layi na 9 kuma an keɓe shi don neman agaji. Ƙarfinsa wat 4 ne a doka, kuma tun 1983 ba a neman lasisi a kansa a Amurka. Ingila ta halatta nata a 1981.

CB yana da aibi biyu. Eriyarsa doguwa ce, cikakkiyarta ta haura mita biyu da rabi, kuma duk wadda aka gajarta an rage mata kaifi. Sannan zangon yana da hayaniya. Wani lokaci, idan yanayin sararin sama ya canja, za ka ji muryoyin mutanen wata nahiya suna shigowa, alhali abokinka da ke kilomita biyar a gabanka ba ka jin sa sosai. Babban amfanin CB shi ne jin baƙin direbobi da ba ka sani ba suna ba da labarin hanya. A ƙasar da direbobi ba su saba da shi ba, wannan amfanin babu shi, sai ka kunna ka ji shiru. Don haka ga ayarin iyali ba shi ne zaɓin farko ba.

Iri na biyu su ne ƙananan na hannu da ake sayarwa bibbiyu a kwali ɗaya. Suna aiki a zangon UHF, inda eriya mai tsayin santimita 17 ta wadatar. Na Amurka ana kiransu FRS, an fara su a 1996, suna kan megahaz 462 da 467, da layi 22, ƙarfinsu bai wuce wat 2 ba. Na Turai ana kiransu PMR446, suna kan megahaz 446, ƙarfinsu rabin wat. Dukansu ba a neman lasisi a ƙasashensu, kuma dukansu eriyarsu a manne take, doka ta hana a cire ta a sa wata. Ga motoci biyu ko uku da ba sa rabuwa da nisa, waɗannan sun isa, ga araha, ga sauƙin sarrafawa, yaro ma zai iya. Sai dai a kula: na Amurka da na Turai ba sa jin juna. Layi na 1 a wannan ba shi ne layi na 1 a wancan ba. Idan kowane direba ya je ya sayo nasa a shago daban, ana iya wayar gari ranar tafiya da rediyo uku da babu wanda ke magana da wani. Mutum ɗaya ya sayo duka, iri ɗaya, a lokaci ɗaya.

Iri na uku shi ne wanda ake ɗaurawa a jikin mota, da makirfo mai igiya da eriya a waje. A Amurka akwai GMRS, wanda yake raba layuka da FRS amma an yarda ya kai wat 50. Ana biyan dala 35 a karɓi lasisin shekara goma, babu jarrabawa, kuma lasisi ɗaya ya wadaci mutum da iyalinsa. Ostareliya, ƙasar da ake tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ba a ga gari ba, tana da nata tsarin a megahaz 477, layi 80, wat 5, babu lasisi. Mutanen can sun tsara abin da kyau: layi na 40 na manyan motocin hanya, na 18 na masu jan ɗakin kwana a bayan mota, na 5 da na 35 na agajin gaggawa. Duka tsarin biyu suna amfani da tashoshin maimaitawa, wato na'urar da ake kafawa a kan tsauni ko dogon turke, ta karɓi maganarka ta sake watsa ta daga sama. Da ita rediyon da ke kai kilomita biyar zai iya kai hamsin. In kun koma ga lissafin tsayin eriya na ɗazu za ku ga dalili.

Akwai kuma rediyon masu sha'awar sadarwa, waɗanda ke cin jarrabawa kafin hukuma ta ba su lasisi da lambar kira. Su ne suka fi kowa yalwar zango da ƙarfi. A nan ne ya kamata a ambaci rediyoyin China masu araha irin su Baofeng UV-5R, da suka cika kasuwannin duniya. Wannan rediyo yana iya magana a faffaɗan zango, daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama. A cikin wannan faɗin akwai layukan jiragen ruwa, da na kamfanoni, da na jami'an tsaro a ƙasashe da dama. Layukan da ake zuba masa daga masana'anta ba a zaɓe su don ƙasarku ba. Wanda ya fito da shi daga kwali ya kama magana zai iya faɗawa layin da ba nasa ba, bai sani ba. Rediyon yana aiki, kuɗinsa kaɗan ne, amma ba na ɗan koyo ba ne sai in wani masani ya saita shi a kan layin da aka ba ku izini.

Wani tarko kuma sabo ne. Akwai na'urori masu kama da oba-oba sak, da eriya da maɓalli a gefe, ana tallarsu da cewa suna kai kilomita dubbai. A buɗe bayansu, za a ga gurbin sim. Waɗannan ta intanet ɗin kamfanin waya suke bi, kamar manhajar Zello da ake sa wa a waya. Suna da kyau ga kamfanin sufuri mai motoci a garuruwa daban-daban. Amma inda sabis ya ɗauke su ma sun ɗauke, wato a daidai wurin da aka sayi rediyo dominsa. Idan mai shago ya ce rediyo ba shi da iyakar nisa, ku tambaye shi ko yana cin sim.

Doka kafin ciniki

Zangon iska dukiyar ƙasa ce, kowace gwamnati ita ke raba nata. Abin da aka halatta ba lasisi a wata ƙasa yana iya zama laifi a wata. Misali, megahaz 446 da kowa ke amfani da shi kyauta a Turai, a Amurka yana cikin rabon masu lasisi ne. Baturen da ya tafi yawon buɗe ido can da rediyonsa ya karya doka ko da bai yi niyya ba.

A Najeriya akwai dokar sadarwar iska ta 1961, wadda ta ɗora amfani da na'urar aika saƙo ta iska a kan samun lasisi. Hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya su ne ke kula da rabon zango. A Nijar hukumar ARCEP ce, a Ghana kuma NCA. Kasancewar ana sayar da abu a fili a kasuwa ba shi ne izinin amfani da shi ba, kuma mai shago ba hukuma ba ne. Kafin ku biya kuɗi, ku rubuta sunan rediyon da zangonsa da ƙarfinsa, ku je ofishin hukumar ku tambaya. Wannan ya ƙara zama dole a yankunan da ake fama da rashin tsaro, inda jami'in da ke shingen bincike zai iya yi wa mai ɗauke da oba-oba tambayoyi masu yawa, kuma yana da hujjar yin haka. Takardar izini da rasit su kasance a cikin mota tare da takardun motar. Idan tafiyar ta tsallake iyaka ce, a ce daga Kano ta Daura zuwa Damagaram, izinin wannan ɓangare bai shafi wancan ba.

Eriya, waya da wuta

A ce an sami izini, kuma an zaɓi rediyon da ake iya sa wa eriyar waje. Wuri mafi kyau shi ne tsakiyar rufin mota. Nan ne ya fi tsayi, kuma faffaɗan ƙarfen rufin yana zama rabin eriyar, yana taimaka mata ta watsa saƙo daidai ta kowane ɓangare. Wanda ba ya son a huda masa rufi sai ya sayi eriya mai gindin maganaɗisu, ya ɗora lokacin tafiya ya sauke in ya dawo. A goge wurin kafin a ɗora, don yashi a ƙarƙashin maganaɗisu yana kankare fenti. A shigo da wayar ta gefen ƙofa ba tare da ƙofar ta matse ta ba. Wayar eriya in ta lotse ta lalace ko da ba ta tsinke ba. Eriyar da aka ɗaura a bamba tana aiki, amma jikin motar yana tare mata gefe guda.

Kowace eriya da zangonta. Ta CB ba ta yi wa UHF, ko da bakin wayar ya shiga. Idan eriya ba ta dace ba, wani ɓangare na ƙarfin da rediyo ya tura yana dawowa cikinsa ya zama zafi. Ana auna wannan da ƙaramar na'ura mai suna mitar SWR. In ta nuna ƙasa da 2, lafiya. In ta haura 3, a daina magana har sai an gyara, in ba haka ba rediyon zai ƙone. Saboda wannan dalilin ne ba a danna maɓallin magana idan babu eriya a jiki.

Za ku ga ana rubuta wa eriya lamba da dBi a gabanta. Mai babbar lamba, kamar 9, tana matse saƙo ya tafi nesa a shimfiɗe, ta dace da fili. Mai ƙaramar lamba, kamar 3, tana baza shi sama da ƙasa, ta fi kyau a ƙasar duwatsu inda wata mota ke bisa wata ke kwari. Matafiyan Ostareliya da yawa suna ɗaukar ta tsakiya, wajen 6, wasu kuma su tafi da biyu su riƙa canjawa. Babbar lamba ba ita ce mafi kyau a ko'ina ba.

Batun wuta gajere ne amma ba a wasa da shi. Ƙaramin rediyo mai wat 5 zai iya shan wuta daga ramin laita. Mai wat 50 yana jan wajen amfiya 10 ko fiye lokacin magana, don haka a ja masa waya mai kauri kai tsaye daga batir, a sa fiyus kusa da kan batirin. Mai gyaran wutar mota ya yi aikin. Yawancin rediyoyin nan na bolt 12 ne, manyan motoci da yawa kuwa bolt 24 suke; in an haɗa kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, an yi asara nan take. Kada a ɗaura rediyo a gaban jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari, ko inda zai tokare gwiwar direba.

Zafi, ƙura da batir

Idan kwali ya ce batir yana kai awa 12, yawanci an auna ne a kan cewa cikin kashi 100 na lokacin, kashi 5 kana magana, kashi 5 kana sauraro, kashi 90 rediyon yana zaune shiru. Ayarin da ke hira tun daga tasha har masauki ba zai ga awa 12 ba. A nemi wanda ake iya caji a mota, ko wanda yake karɓar batir ɗin da ake samu a kowane shagon ƙauye idan nasa ya mutu. Kada a bar rediyo a kan dashbod cikin rana da gilasai a rufe, domin zafi yana kashe batirin litiyom, wani lokaci har ya kumbura.

Akwai wata lamba mai amfani da mutane ba sa lura da ita: IP da lambobi biyu a gabanta. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 yana jure ƙura gwargwado da fantsamar ruwa. IP67 ƙura ba ta shiga ko kaɗan, kuma yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Ga mai tafiya a hanyar burji lokacin hunturu, lambar farko ta fi ta biyu muhimmanci.

Maganarku ba sirri ba ce

Rediyoyi da yawa suna zuwa da abin da masu talla ke kira lambobin sirri, a littafinsu kuma za ku ga an rubuta CTCSS ko DCS. Sunan yana yaudara. Abin da suke yi shi ne su hana kunnenku jin wasu mutanen da ke kan layinku. Ba sa hana waɗannan mutanen jin ku. Duk mai irin rediyonku da ya kashe nasa lambar zai ji komai. Don haka ba a faɗin yawan kuɗin da ke mota, ko kayan da aka ɗauko, ko gidan da za a kwana. A ba motoci lamba tun daga gida, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, a riƙa kira da su maimakon sunayen mutane.

Yadda ake maganar ma sai an koya. A danna maɓallin, a ɗan dakata kamar daƙiƙa ɗaya, sannan a fara, in ba haka ba kalmar farko za ta ɓace. A fara da wanda ake kira, sannan mai kira: "Mota ta uku, ta ɗaya ce, akwai shinge a gaba, ku rage gudu, oba." Kalmar "oba" tana nuna mai magana ya gama. Wanda aka kira ya amsa ya nuna ya ji. A riƙe rediyon a tsaye, eriya tana kallon sama, a ɗan nesa da baki, kuma ba sai an ɗaga murya ba. Ihu yana dagula sauti ne kawai. Wanda ke zaune kusa da direba shi ya kamata ya riƙe rediyon, hannun direba na sitiyari ne. Motar gaba da ta ƙarshe su ne suka fi buƙatar rediyo mai kyau: ta gaba tana faɗin abin da ke zuwa, ta ƙarshe tana tabbatar da ba a bar kowa a baya ba. Kuma a yi yarjejeniya tun kafin a tashi, cewa idan magana ta yanke na wani lokaci, a wane gari za a tsaya a jira juna.

Inda oba-oba ba zai kai ba

Duk abin da muka faɗa na magana ne tsakanin motocin da ke tafiya tare. Mota guda da ta lalace a tsakiyar Sahara, kilomita ɗari biyu daga gari, oba-oba ba zai kira mata kowa ba. Wannan aikin wasu na'urori ne. Tun 1929 wani injiniya a Ostareliya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyon dogon nisa da ake ba shi wuta ta hanyar taka feda, don mazauna daji su iya kiran likitocin da ke zuwa da jirgin sama. A yau an fi dogara da wayar tauraron ɗan'adam, irin Thuraya ko Iridium, da ƙananan na'urorin aika saƙon neman agaji kamar Garmin inReach. Suna da tsada, ana biyan kuɗin layi, kuma wasu ƙasashe, irin su Indiya, suna hukunta wanda ya shiga da su ba izini. Mai shirin irin wannan tafiya ya san cewa sayayya ce daban da wadda muka tattauna.

Ga mafi yawan masu karanta wannan littafi, wato iyali ko abokan sana'a masu motoci biyu zuwa huɗu a kan titin kwalta, shawarar ita ce ƙananan na hannu na zangon UHF, iri ɗaya, masu sauƙin maɓallai, da cajar mota, bayan an tabbatar da izinin hukuma. Idan tafiyar ta zama ta yau da kullum, ko motocin suna yawan rabuwa da nisa, sai a ƙara da rediyo mai eriyar rufi a motar gaba da ta ƙarshe kafin a yi tunanin ƙarin wat.

Aiki

1. Eriyar wata mota tana mita 4 daga ƙasa, akwai kuma tashar maimaitawa a kan dutse mai tsayin mita 64. Ku yi amfani da lissafin da muka koya ku gano kimanin nisan da za su iya jin juna.

2. Mai shago ya nuna muku rediyo biyu. Ɗaya wat 8 ne, eriyarsa a jikinsa. Ɗayan wat 5 ne, amma ya zo da eriyar rufin mota. Wanne za ku ɗauka don tafiyar ayari, kuma me za ku gaya wa abokin tafiyar da ya nace sai mai wat 8?

3. Ku rubuta tambayoyi huɗu da za ku yi wa mai shago, da biyu da za ku yi wa jami'in hukumar sadarwa.

4. Ku kasu uku-uku a aji, kowane mutum ya zama mota guda. Ta gaba ta sanar da rami, ta ƙarshe ta sanar da faci, ta tsakiya ta nemi a tsaya sallah. Kada wani ya yi magana sai na gabansa ya ce "oba". Malami zai saurara ya ga ko wani ya ambaci suna, ko kuɗi, ko masauki. Ƙungiyar da ta yi haka sai ta sake daga farko.